Yadda nake mayar da shirin kai yara wajen lilo ya zama aikin lissafi

Malamai 'yan uwana da iyaye masu bibiyar karatun yaransu, wannan abin na jima ina son in rubuta shi saboda na gwada a ajina na JSS 2 kuma na ga amfaninsa da idona. Akwai wani yaro da ke zama a bencin baya, in ka ba shi jarrabawar lissafi da ƙyar yake haɗa 4 cikin 20, amma ranar Asabar na same shi a shagon babansa a kasuwar Singa, mutum ya ce a ba shi katan 7 na biskit da katan 3 na alawa a cire masa ragin da aka saba, kafin babban yaron shagon ya lalubo kalkuleta shi har ya faɗi kuɗin kuma daidai. Yaron nan ya iya lissafi, abin da bai iya ba shi ne lissafin da ba kuɗi ba kaya ba mutum a cikinsa. Daga nan na ce to bari in kawo masa kuɗi da kaya da mutane cikin aji.

Abin da na yi shi ne na shigo ranar Litinin na ce musu ƙarshen zangon nan za mu fita wajen wasa, irin mai lilo da motocin karo da dokin da ke juyawa, amma ni ba zan shirya komai ba, su za su lissafa komai tun daga mota har ruwan sha, in lissafinsu ya tsaya da ƙafarsa in kai wa shugaban makaranta, in bai tsaya ba shi kenan ba tafiya. Sati huɗu na ba su. Kar ka ba su ƙasa da haka, don sati na farko gaba ɗaya a murna da gardama yake tafiya.

Fara da zaɓen wajen da za a je, kuma kar ka zaɓa musu. Rubuta wurare uku ko huɗu a allo. Mu mun sa Gidan Zoo na Audu Baƙo da ke Zoo Road, wanda ya ci sunan gwamnan Kano na farko da ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, mun sa wani wajen wasan yara na cikin gari, mun sa dam ɗin Tiga, sai yara suka dage a sa Magic Land na Abuja wanda da ake kira Wonderland, na ce a sa, ai lissafi ne zai raba mu. Kowa ya jefa ƙuri'a a 'yar takarda, a ƙirga a gaban kowa da 'yan sanduna biyar biyar, su zana jadawalin sanduna a kwali, su fitar da kaso cikin ɗari na kowane waje. Ka ga darasin tattara bayanai ya shiga ba tare da ka ambaci sunansa ba.

Abuja ce ta ci ƙuri'a mana. Ban ce musu a'a ba, na ce su buɗe Google Maps a wayata su duba nisan. Daga Kano ta Zariya ta Kaduna ya haura kilomita 400, muka ɗauka 420 don sauƙin rabawa, na ce in mota tana cin kilomita 70 a awa in an haɗa da tsaye-tsaye awa nawa ke nan, suka ce 6, na ce da dawowa fa, ajin ya yi tsit, wata yarinya ta ce Malam ai sai an kwana, na ce to ƙara kuɗin masauki na mutum 52. Da kansu suka goge Abuja daga allo aka koma wajen wasan yara na cikin gari, ba wanda ya yi fushi da ni.

Sai raba aji gida-gida. Kwamitin mota, kwamitin tikiti, kwamitin abinci, kwamitin lokaci, da ma'aji mutum uku masu haɗa komai a babban littafi. Ka cakuɗa su, kar ka bar masu ƙoƙari su taru waje ɗaya, kuma yaran da ke taya iyayensu kasuwa ka rarraba su kowane kwamiti ya samu ɗaya, za ka sha mamakin yadda ake komawa wajensu da tambaya. Sharaɗi guda ne kuma ba na sassauta shi: ba a kawo min farashi daga ka. Duk adadin da zai shiga littafi sai an rubuta waye ya faɗa, a ina, ran nawa ga wata. Wanda yayansa direba ne ya tambaye shi, wadda mamarta ke dafa abincin biki ta tambaye ta, tikiti kuma ni na raka yara biyu har bakin ƙofar wajen suka tambaya da bakinsu suka rubuta. Kuɗaɗen da zan sa a ƙasa misali ne kawai don ka ga yadda aikin ke tafiya, kaya na tashi kullum, naka yaran su nemo na ranar.

Mota ita ce inda na fi daɗewa kuma ina ba ka shawara kai ma ka daɗe a nan. Ɗalibai 47, malamai 5, mutum 52. Bas mai cin mutum 18, a raba, kalkuleta ta ba su 2.88, kuma wallahi rabin kwamitin haka suka rubuto min, mota 2.88. Na ce to ku je tashar Unguwa Uku ku ce a ba ku mota biyu da ɗigo takwas takwas. Dariya suka yi amma daga ranar ba wanda ya sake mantawa cewa akwai ragowar da dole a cika ta zuwa sama ko da mutum ɗaya ne ya rage, mota 3 ke nan, kujera 54, biyu ba kowa. Sai na ce su gwada kwasta mai 30, ita kuma 2 ake buƙata, kujera 60, takwas a banza. A ce bas 35,000 ce wuni, uku 105,000. A ce kwasta 60,000, biyu 120,000. A nan ne yaron bencin baya ya ɗaga hannu, karon farko a zangon, ya ce Malam a ɗau kwasta ɗaya da bas ɗaya, 95,000, mutum 48 sun shiga, ragowar huɗun malamai ne su biyo mu a adaidaita. Lissafinsa ba kuskure ko ɗaya, ya rage mana 10,000 kafin a cire kuɗin adaidaita. Sai na tambayi ajin, in malamai huɗu suna adaidaita, malami nawa ya rage wa yara 47 a mota biyu? Suka ce ɗaya. Aka yi ta muhawara har aka buga ƙararrawa, aka tsaya a kan bas uku don kowace mota ta samu babba a ciki kuma mata su samu tasu da malamai mata. Na ba shi cikakken maki a wannan shawarar duk da ba a ɗauke ta ba, kuma na faɗa a gaban aji. In kana son ƙarin motsa ƙwaƙwalwa ka ce su lissafa adaidaita nawa za ta kwashe kowa in uku uku ake zama, 17 da ragowar mutum ɗaya, 18 ke nan, su kwatanta kuɗin.

Tikiti kuma nan kaso cikin ɗari yake zaune. A ce shiga 500 ne yaro, babba 1,000. Yara 23,500, malamai 5,000, jimla 28,500. Ka sa yara su rubuta wasiƙar neman ragi da hannunsu ka kai da takardar makaranta, wurare da yawa suna yi wa ɗalibai sauƙi in an zo da yawa. In an rage kashi 10, an cire 2,850, saura 25,650. Su tambaya kuma ko farashin ya haɗa da harajin VAT, wanda tun 2020 yake kashi 7.5, don wani wajen sai ka zo biya ka ga an ɗora. Akwai tambaya ɗaya da nake so ƙwarai: in aka rage kashi 10 sannan aka ɗora kashi 10 a kan abin da ya rage, an koma kuɗin farko? Kusan duk ajin za su ce eh. Bar su su buga, 25,650 da 2,565 ya ba da 28,215, bai koma 28,500 ba, ka bar su su gano dalili da kansu ko da zai ci rabin darasi.

Wasannin ciki wani wajen kowane hawa da kuɗinsa, wani wajen akwai abin hannu da ake ɗaura wa yaro ya hau duk abin da yake so. A ce hawa ɗaya 700, abin hannu 2,500. Wanne ya fi? Yara za su ce abin hannu da gudu. Su zana tebur, hawa 1 700, hawa 2 1,400, hawa 3 2,100, hawa 4 2,800, sai a na huɗu abin hannu ya fara riba. To tambayar ta koma, za mu samu lokacin hawa huɗu kuwa? Nan kwamitin tikiti dole su tashi su je wajen kwamitin lokaci, kuma wannan zirga-zirgar tsakanin benci ita nake nema tun farko.

Lokaci yana da tarko guda da duk shekara yake kama yara. Mun ce isa 9:40 na safe, tashi 2:30 na rana. Suka mayar da shi 14:30 suka cire 9:40 kamar kuɗi suka samu 4.90, wai awa huɗu da minti casa'in. Ka zo da agogon bango aji, ka cire shi daga ƙusa ka ba su a hannu su juya da yatsa, daga 9:40 zuwa 10:00 minti 20, zuwa 2:00 awa 4, da minti 30, awa 4 da minti 50. Awa da minti sittin take cika ba ɗari ba, wannan sai hannu ya taɓa yake zama. Daga ciki a cire minti 20 na ƙirga kai da karɓar tikiti, minti 30 na cin abinci, minti 30 na alwala da sallar azahar, saura awa 3 da rabi, minti 210. Yanzu layi. Wasan motocin karo da muka gani yana ɗaukar yara 12, juyi minti 4, sauka da hawa minti 2, zagaye ɗaya minti 6, yara 47 zagaye 4 ke nan, minti 24, wannan fa in mu kaɗai ne a wajen. In wata makarantar ta riga mu sai ka ninka. Da suka sa layin wasu da yawo tsakanin wasa da wasa da zuwa bayi, suka ga hawa uku ne abin da za a iya cewa tabbas, suka bar abin hannu, 47 sau 2,100 ya zama 98,700. Su ne kuma suka kawo shawarar a raba aji uku kowane rukuni ya fara da wasa daban don kar a tsaya layi ɗaya. Dan Allah kar ka sa fitar cikin satin sallah, duk wanda ya taɓa bi ta Zoo Road a yawon sallah ya san ba lissafin layin da zai yi aiki ranar. Talata ko Laraba da safe ta fi, Juma'a gajeriya ce.

Abinci ya fi kowane sashe daɗi saboda kowa yana da abin cewa. Jakar fiya wata ƙulli 20 ce, kowane ƙulli rabin lita. Uku uku ga mutum 52, 156, jaka 8. In fitar ta faɗo watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafin Kano ke taɓa 40 a ma'auni, su sa huɗu huɗu, 208, jaka 11, kuma kar a yi rowar ruwa don a rage kuɗi, a rage wani abin. Lemon roba 12 ne a ƙunshi, 5 za a saya 8 su yi ragowa. Ƙwai kiret 2, nan ma 8 ragowa. Sai shinkafa dafa-duka, mai dafawa ta ce a ce kwano ɗaya yana ciyar da mutum 10, an samu 5.2, yara suka ce kwano 6 tunda an koya musu a cika sama, sai wata ta ce Malam ai ana auna rabin kwano, biyar da rabi ya isa. Ka tsaya a nan ka nuna musu bambancin, mota ba ta rabuwa, kiret da jaka ana iya ɓarewa amma sari ya fi sauƙi, shinkafa kuma ana aunawa yadda ake so. Su kwatanta farashin sari a Singa da na mai shagon unguwa, su ƙara kuɗin adaidaitar da za ta ɗauko kayan, wani lokacin ribar sarin a kuɗin mota take ƙarewa in kayan ba yawa. A ce abinci duka ya tashi 80,000.

Ma'aji su haɗa. Mota 105,000, ƙofa 25,650, wasa 98,700, abinci 80,000, jimla 309,350. Su zana da'ira su yanka ta, mota kusan kashi 34 wato digiri 122, wasa kusan 32, abinci kusan 26, ƙofa 8 da 'yan kai, a nan ne abin auna kusurwa da ke cikin akwatin lissafinsu yake fitowa daga tsatsa. Sannan a ɗora kashi 10 na ko-ta-kwana, 30,935, ya zama 340,285. Yara sun yi min gardama a kan wannan, wai kuɗin me. Da safen tafiya ɗaya daga cikin direbobin ya ce mai ya tashi sai an ƙara masa, kuma wata yarinya ta yi amai a hanya aka tsaya aka sayi magani da ruwa, daga wannan kuɗin aka cire, ba wanda ya sake tambaya. Ko naira 50 ɗin da banki ke cirewa a turin kuɗi daga 10,000 zuwa sama da cajin mai POS su shiga littafi.

A raba wa yara 47, kowa 7,240 da ɗan ɗigo, a mayar 7,250 don canji. Yanzu ga inda nake roƙonka ka yi hankali. A kowane aji akwai yaran da gidansu ba za a iya fitar da wannan kuɗin ba, maraya ne ko baban ba ya aiki, kuma kai ka san su. Kar ka bari sunansu ya fito a allo ko a littafin ma'aji. Ni abin da na yi, na ba su a matsayin tambayar lissafi kawai: in mutum 42 ne za su ɗauki kuɗin mutum 47, nawa kowa zai ƙara? Suka samu 8,102, ƙarin kusan 860. Na kai wa iyaye a taron PTA ba tare da suna ba, wasu suka ce su za su ɗauki na yaro ɗaya gaba ɗaya, kuma karɓar kuɗi ni kaɗai na yi a ofis, ma'aji jimla kawai suke gani. In ka ga ba za a iya rufe wa kowa ba gara a rage wasa ɗaya ko a koma waje mai sauƙi kamar gidan zoo da a bar yaro a gida bayan ya yi sati huɗu yana lissafin motar da ba zai shiga ba. Biyan ma a sauƙaƙa shi kamar adashi, in ka fara da wuri sati 10 ne 725 a sati, 145 a ranar makaranta.

Masu saurin gamawa kar ka bar su zaune. Ba su babban lilon nan mai kama da tayar keke. Na farkonsa wani injiniya George Ferris ya gina a Shikago ta Amurka a 1893, ɗakuna 36 kowanne mutum 60, su buga su ga 2,160 a juyi guda, su lissafa aji nawa irin namu zai ɗauka. London Eye na Landan faɗin tayarsa mita 120, yana ɗaukar wajen minti 30 ya zagayo, da 22 bisa 7 za su samu kewaye wajen mita 377, wato kusan mita 12 da rabi a minti, sai su gane me ya sa mutane ke shiga yana tafiya ba sai ya tsaya ba. Masu son Disneyland, wanda aka buɗe a Kalifoniya a 1955, su nemo kuɗin tikiti da dala a intanet da canjin ranar su mayar naira, su sake dubawa bayan sati su ga ko ya motsa.

Maki na raba shi ne tun ranar farko kuma na manna a bango: ingancin lissafi, shaidar inda aka samo farashi, tsabtar tebur da zane, sai bayani da baki. Wannan na ƙarshen shi ke hana mutum ɗaya ya yi wa kwamiti aiki, don ni nake nuna wanda zai tashi ya yi bayani, kuma na yarda a yi da Hausa in Turancin ya tsaya, abin da nake aunawa lissafi ne. In makarantarku ba ta yarda da fita ba ko iyaye ba hali, aikin yana yiwuwa a takarda, amma ka gaya musu gaskiya tun farko cewa ba za a je ba, kar ka yi musu alkawarin da ba ka da iko a kai. In za a je kuma takardar izinin iyaye da lambar waya dole ce, da ƙirga kai a kowace hawa da sauka.

Ranar tafiya kowane kwamiti ya riƙe ɗan littafi da biro. Masu lokaci su rubuta ƙarfe nawa aka tashi, minti nawa aka yi a kowane layi, masu abinci su ƙirga abin da ya rage, ma'aji su karɓi rasit ko su rubuta a take in ba a bayarwa. Washegari a ja layi a tsakiyar allo, hagu abin da muka zata, dama abin da ya faru, a fitar da bambanci da kasonsa. Mu layin motocin karo da muka ba minti 24 ya ci 41 saboda motoci biyu ba sa aiki, ruwa jaka ɗaya da rabi ta yi ragowa, ƙwai takwas ɗin direbobi da masu gadi aka ba, kuɗin ko-ta-kwana kuma an taɓa fiye da rabi. Abin da ya saura ma'aji suka raba wa 47 a allo, aka ga bai kai a bi kowa da canji ba, aka jefa ƙuri'a aka sayo batirin agogon aji da kwalin alli biyu.